Shekara Uku a Gindin Turken Duna

Wata Laraba ce da hantsi, bayan an gama yankan dawa, a shekarar da na cika bakwai. Ina tsugune ina wanke kwanon koko sai wani duba-gari ya yi sallama a zaurenmu, da kakinsa da takarda a hannu. Daga sakatariyar ƙaramar hukuma aka aiko shi. Karenmu Duna na ɗaure a turke, yana haushi kamar zai tsinke igiya, sai da mutumin ya ɗaga murya kafin Baba ya ji shi. Ya ce maƙwabcinmu Malam Isiyaku tela ya kai ƙara karo na biyu, in ya kai ta uku za a zo da mota a ɗauke karen.

Ƙarar farko a kan yawo ce. Duna na shiga gidaje yana lasar butocin alwala, aka ce a ɗaure shi. Da aka ɗaure shi sai ya koma haushi daga safe har magariba. Malam Isiyaku ba mugu ba ne. Mahaifiyarsa na kwance da hawan jini, kuma katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da turken. Mu ma ba don sha'awa muke riƙe da kare ba. Gonarmu na hanyar Ibeto, a gindin dutse, ba don Duna ba birai ba za su bar mana zangarniya ɗaya ba.

An gwada duka, an gwada ƙashi, an mai da turken bayan rumbu, duk a banza. Abu ɗaya ke sa shi shiru: in zauna kusa da shi in ɗora hannu a wuyansa, don ni na raine shi tun yana kwikwiyo. Baba ya dube mu ya ce, "To, ga aikinka."

A shekarar aka sa sa'o'ina a firamare. Daga inda nake zaune ina jin ƙararrawarsu, da yamma ina jin suna langa a ƙofar gida. A nan nake cin tuwo, a nan nake ɓarar gyaɗa, a nan nake sussukar masara. In zan zaga bayi sai da gudu. Inna ba ta barina in taɓa tulu sai na wanke hannu sau bakwai. Yaran unguwa suka sa mini suna Ƙanin Duna. Da damina mu tafi gona tare, da rani mu dawo turke. Duk sanda na yi maganar makaranta, Baba ya ce a bari kaka ta wuce. Kaka uku ta wuce.

Ranar da na gaji, Baba na kasuwa, Inna ta tafi gidan suna. Na janye hannuna, na koma bakin madafa, inda zai riƙa ganina amma igiya ba za ta kai ba. Ya yi ta haushi yana kallona. Ina jin nishin tsohuwar ta bayan katanga, ban motsa ba. Wajen azahar keken ɗinkin Malam Isiyaku ya yi shiru, na ji ya ta da babur. Bayan kwana biyu mota ta zo. Ni aka sa na riƙe Duna har aka zura masa waya a wuya, don ba ya yarda da kowa.

Na zaci ranar Litinin za a kai ni makaranta. Ba wanda ya yi maganar. Da masara ta fara goyo, Baba ya kafa doguwar rumfa a tsakiyar gona, ya miƙo mini gwangwani da majajjawa. "Ka ga yadda Duna yake yi," in ji shi. Damina biyar na yi a kan rumfar nan ina yi wa birai ihu.

Yanzu dako nake yi a kasuwa, ɗan karatun da na iya ma da girma na tsince shi. Unguwarmu ta cika da janareta da injin niƙa, suna ruri wuni guda, ba mai zuwa sakatariya. Wani lokaci nakan so a mai da ni tsakar gidan nan ko da na yini ɗaya, Inna na tankaɗe, Baba na gyaran ƙotar fartanya. Baba ya rasu bai tambaye ni abin da ya faru a ranar da Duna ya yi ta haushi ba, ni ma ban faɗa ba. Da ya tambaya, da na ji sauƙi.