Zanen da Na Yi wa Wuya

Ko da tsufa ya mantar da ni komai, ba zan manta da ranar Talatar da Ɗanjuma ya shigo shagonmu da ƙunshi a hammata ba. A shekarar 1955 ne, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, aiki ya yi sauƙi, kekunan ɗinki biyu ma a rufe suke. Ku da kuke koyon ɗinki a hannuna kuna yawan gunaguni cewa ina hana ku ɗaukar almakashi sai kun tambayi mai kaya asalin kayansa. To, yau ku ji dalili.

Shagon na Malam Bawa ne, a nan Zangon Kumasi, bakin hanyar da ke fita Krofrom. Tsarin aiki a lokacin ba irin na yanzu ba ne. Maigida shi kaɗai ke yanka. Ƙarƙashinsa akwai babban tela, shi ke awo, ya zana da alli, ya raba aiki. Sai masu keke, sai masu aikin hannu da ke yi wa wuya da aljihu ado da allura. Ni ne babban tela, shekarata ashirin da bakwai, kuma a raina duk Kumasi babu mai idona. A makon nan Malam Bawa ya tafi Salaga gaisuwar mutuwa. Ya miƙa mini almakashinsa ya ce, "Sule, riƙe shago. Abin da ba ka sani ba, ajiye shi sai na dawo."

Ɗanjuma abokina ne tun muna makarantar allo, direban lori ne a tashar Oforikrom. Ubansa falken goro ne daga Kano, uwarsa kuwa Batoniya, wato mutuniyar Asante. A Zango sunansa Ɗanjuma, a ƙauyen uwarsa Kofi.

Da ya kwance ƙunshin, sai masu aikin hannu suka ajiye allura. Kente ne, tsohon saƙin siliki, ja da kore da ruwan ƙwai, ga nauyi, ga ƙamshin akwati. Na sha ganin kente a kafaɗar manya daga nesa, amma ban taɓa riƙe irin wannan ba.

"Na kawuna ne da ya rasu," in ji shi. "Ka san Tonawa, ɗan 'yar'uwa ke gado. Ran Lahadin sama dangi za su zauna, in fito a cikin zanen nan, su ɗora ni kan kujerarsa, su damƙa mini gida da gonar koko. Ɗinki ya saki a wuri biyu. Uwata ta ce a haɗa kawai."

Kente ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi, kowace faɗin tafin hannu, sannan a haɗa su gefe da gefe, kamar saƙinmu na gida. Aikin da ya kawo bai fi na rabin sa'a ba. Amma na ga fuskarsa a murtuke.

Na ce, "Kai, mai gadon gonar koko ne ke ɓata rai haka?"

Ya ce, "Ba za ka gane ba. Tun da na yi wayo ban taɓa fita da kafaɗa a waje ba. Jiya na gwada yafawa a ɗaki, sau uku yana zamewa, matata har da riƙe ciki don dariya. 'Yan tasha tuni sun fara ce mini Nana, wai mai sarauta. In na je ƙauye kuma Kramo suke kirana, ɗan masu Sallah. Nan Batone, can Kramo. Ni ina ne nawa?"

Yana magana ina ninka zanen biyu a kan tebur. Wallahi nan take na hango riga a cikinsa. Faɗinsa faɗin babbar riga, tsawonsa daidai da dogon mutum irin Ɗanjuma. Wuya kaɗai ya rage.

Na ce, "Abokina, zo ka ga wani abu. An ce ka fito a cikin zanen kawunka. An faɗa maka yadda za ka shiga cikinsa? Mu yi shi babbar riga! Saƙin gidan uwarka, ɗinkin gidan ubanka. Kowa ya gan ka ya ga su biyun."

Ya ce, "Haɗawa kawai aka ce fa."

"Tsofaffi ne, ba su taɓa gani ba ne. Ranar da suka gani, su da kansu za su aiko da nasu."

Na yi ta zuba har ya fara murmushi. Ban tambaye shi wa ya saƙa zanen ba, ban tambayi mutum nawa suka yafa shi ba. Bai kai bakin titi ba na zana wuya da alli, na sa almakashin Malam Bawa na fitar da ƙyalle kamar tafin hannu biyu, na jefa a aljihun keke.

Kwana tara muka yi a kan rigar nan, kuma ban taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba. Na yi mata shafi da farin yadi don siliki ya zauna. Na sa gwaninmu na aikin hannu ya zagaye wuyan da zare ruwan zinariya. Teloli daga wasu shaguna suna leƙowa, ina kore su ina dariya.

Ran Juma'a Ɗanjuma ya sa ta zuwa masallaci. Ku da ba ku gani ba, ba zan iya kwatanta muku ba! Yana tafe rana na dukan rigar, tana walƙiya, ya naɗe hannuwa a kafaɗa kamar wani basarake. Wani dattijo ya tare shi ya ce, "Ɗanjuma, bakan gizo ka sato?" 'Yan tashar da ke yi masa ba'a su ne ke rige-rigen tafiya a gefensa. Bayan an idar, mutum biyar suka biyo ni suna tambayar ko zan yi musu irinta. Muka zarce unguwar Adum aka ɗauke shi hoto, ina gyara masa ninkin kafaɗa. Mutumin da ya shigo shago kai a sunkuye, ga shi yana tafiya ƙirji a gaba. A hanya wata tsohuwa Batoniya mai sayar da barkono ta gan mu, ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Ei!" Ni na ɗauka yabo ne.

Ran Lahadi na bi shi ƙauye, don in ji da kunnena abin da za a ce game da aikina. Tsakar gida cike da dangi, maza kowa da zanensa a kafaɗa. A tsakiya ga Nana Afua, yayar uwarsa, wadda ita ke faɗin wanda zai gaji kujera. Muna shiga surutu ya ɗauke.

Ina jin Tonanci, don haka babu abin da ya wuce ni. Ta ce, "Kofi, tuɓe ka shimfiɗa mini a tabarma." Ya tuɓe, ya tsaya daga shi sai singileti. Ta durƙusa da ƙyar, ta shafa saƙar, sannan ta zura hannunta ta cikin wuyan da na yanka har gwiwar hannu.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mutum uku suka yafa zanen nan kafin kai. Na farko gajere ne, na biyu ƙato, kawunka siriri. Duk ya yi musu daidai, saboda ba shi da wuya. Yanzu an yi masa wuyan mutum ɗaya. Wanda zai zo bayanka, me za mu yafa masa? Da ka ce mana kunyar kafaɗa kake ji, ai da mun ce ka sa 'yar riga a ciki. Wa ya sa masa ƙarfe?"

Ina tsaye taku uku daga inda take. Ɗanjuma bai ko dube ni ba, ya ce, "Nana, ni na sa a yi." Ni kuwa na yi gum. Yankan kuskure ne, amma shirun nan shi ya fi damuna har yau.

Kafin la'asar suka ba ɗan ƙanwar uwarsa kujera da gida da gona. A mota, sai da muka hango Kumasi Ɗanjuma ya ce, "Rigar fa ta yi kyau, Sule. Abin haushin ke nan."

Ran Laraba Malam Bawa ya dawo, na faɗa masa komai. Bai zage ni ba. Ya ɗauko tsohon saƙi, ya ninka biyu, ya sa bakin allura a ɗinkin da ke tsakiya, ya warware kamar taƙi ɗaya da rabi, ya zura kansa ya ce, "Ga wuya. Ko zare ɗaya na saƙa ban tsinka ba. Gobe in ana so, a mayar da shi zane. Dabararka ba ta da laifi, tambaya ce ba ka yi ba." Ya karɓi almakashinsa, sai da aka shekara bai sake miƙa mini shi ba.

Rigar kente ta samu kasuwa a Zango bayan haka, muka ɗinka da yawa, amma da sabon saƙi da mai shi ya saya don kansa. Ɗanjuma ya ci gaba da jan lori har ƙarfinsa ya ƙare. Kowace Sallah rigar nan yake sawa, ana yaba ta, yana cewa, "Aikin Sule ne." Bai taɓa ƙara komai a kai ba.

Mu teloli idonmu yadi yake gani, kamu nawa ne, me zai fita a ciki. Amma wanda ya shigo da ƙunshi, wani lokaci iyayensa da kakanninsa ya ɗauko. Ku jawo aljihun tsohon keken can na lungu, ƙyallen yana ciki, launinsa bai dushe ba. Kowa ya riƙe shi a hannu ya ji nauyinsa, sannan a zo a ci gaba da awo.