Resistar Da Ta Ƙi Yin Sanyi

A shekarar da kunnen Inna ya yi nauyi na ɗauki hutu daga ofis a Anka, na hau mashin zuwa gida, Nasarawa Burkullu, da kwalin tarkacen tsofaffin rediyoyi a baya. Ni ne ɗan farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ma doguwar hira. Idan tana son wani abu a wurina, ƙanwata take gaya wa, ko da kuwa ina zaune a gabanta. Ƙanwar ce ta sanar da ni cewa Inna ta daina jin rediyonta, ta kan wuni shiru kamar baƙuwa a gidanta.

Ni kuma akwai ni da karambani. Na ce zan haɗa mata amfilifaya da hannuna, akwatin da zai ƙara wa rediyon murya. Na jera tiransista biyu masu ƙara ƙarfin murya da resistoci masu rage gudun wuta a kan ɗan katako, na zafafa ƙarfe a garwashi na liƙe su da dalma. Tun da gubar dalma ta taɓa yara a ƙauyukanmu Inna ba ta son ko jin sunanta, don haka aka kore ni gindin bishiyar bedi, kuma ba a ba ni tuwo sai na wanke hannu da sabulu.

Na jona wani tsohon batirin mashin, na sa ƙaramin makirfo don gwaji, sifika ta amsa. Amma kafin in gama murna sai ga ƙauri. Wata resista ɗaya ta yi zafi har ta toya mini yatsa. Na canza ta da babba, ita ma ta ɗau zafi. Na zargi batir, na zargi sifika, na zagi wanda ya ƙera tiransistar. Kowane canji sai na sake gwaji, ina ta “halo, halo, ana ji na?” kamar mai tallan magani a kasuwa. Idan na gaji da halo sai in yi ta surutu a makirfon, labarin hanya, da na maigidana a ofis, da tsadar mai. Inna tana bakin ɗakinta tana tsince wake, ta ba ni baya. Ban kula ba cewa kullum tabarmarta tana ƙara matsowa.

Hutun ya kusa ƙarewa kafin na gano matsalar. Ashe laifin ba na mai zafin ba ne. Wata resistar ce can gefe, launin da ke nuna girmanta ya koɗe, na ɗauke ta babba alhali ƙarama ce, ta buɗe wa tiransista ƙofa wuta na ta kwarara. Ina canza ta komai ya yi sanyi. Na cire makirfo na jefa a kwali, na jona rediyo, muryar mai labarai ta cika tsakar gida. Na yi ta cika baki. Inna ta sa albarka ta bakin ƙanwata, washegari na kama hanya.

Bayan ɗan lokaci ƙanwar ta kira ni a waya. Na tambaye ta akwatin, ta ce lafiyarsa lau, sai dai Inna ba ta cika kunna shi ba. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, wai duk wahalar nan ta tashi a banza. Ta bari na gama, sannan ta ce:

“Yaya, ba rediyo taka so ba. Cewa ta yi rabonta da jin muryarka sarai tun kana yaro, sai ranakkun da kaka gwajin nan. Jiya ma ta tambaye ni ko abin ga ba ya sake yin zahi, a kira mai shi.”

Kunya ta rufe ni. Makirfon yana cikin kwali ƙarƙashin gadona a Anka, damina kuma ta riga ta yanke hanyar gida.