Gonar Malam da Tseren Gyaɗa

Ana idar da sallar asuba muka bar Lausu, ni da 'yar ƙanwata, wadda take rubuta muku wannan. Tun da na fita takaba ban taka ko'ina ba. Abin da ya fitar da ni gonar mijina ce, Malam, Allah ya jiƙansa. Allah bai bar mana ɗa ba, sai gonar ta faɗa hannun ƙaninsa da ke Kibiya, shi kuwa ya aiko cewa bana gyaɗa zalla za a shuka. Daga gonar nan nake ci.

A Rano muka karya da ƙosai, ga tsada ga ƙanƙanta, kamar don tsuntsaye aka soya. Muka hau motar ɗaukar gyaɗa, na zauna a kan buhu. Hanya duk gargada, kowane rami sai na yi salati. Wani mai sayen gyaɗa ya cika mu da bayani, wai tunda mun sami mulkin kai, shugabanni sun ce dole gyaɗarmu ta fi ta ƙasashen rainon Faransa yawa a kasuwar Turai, in ba haka ba a raina mu. Na tambaye shi ko tuwon gyaɗa za mu riƙa ci. Aka kwashe da dariya, ni kuwa hawaye suka zo mini, don Malam ne mai irin wannan tambaya.

Da muka isa Kibiya, ƙanin nasa ya tarbe ni da tsokanar da muka saba: "Matata, kin biyo ni ke nan?"

Na ce, "Tsohuwa ta fi ƙarfinka."

Bayan an sha fura na tuna masa yadda yayansa, lokacin yana mai unguwa, yake zaga gidaje kafin ruwan farko yana zura hannu cikin rumbu. Gidan da hannu ya nutse har kafaɗa bai taɓa hatsi ba, ba a shuka gyaɗa sai an gama shuka dawa. Malamin gona ya yi ta faɗa, Malam bai fasa ba.

Ƙanin nasa ya share ido da hannun riga. "Rabin gabas naki ne, Yaya. A sa dawa."

Washegari muka dawo gida, ƙuguna yana ciwo. Abin da na gano shi ne, ƙasa ta yi tserenta da ƙasa, ban hana ba, amma ya kamata shugaba ya fara leƙa rumbun talakawansa. Jiya aka yi ruwa, na sauko da irin dawar da ke rataye a madafa. Malam ne ya zaɓe shi da hannunsa, bai ga shukarsa ba.