Facin Baba Ko-ta-kwana

A layinsu ba wanda yake kiransa da sunansa na yanka. Baba Ko-ta-kwana ake ce masa, kuma babur ɗinsa ne ya jawo masa wannan laƙabi. Sana'arsa gyaran keken ɗinki. Tun yana saurayi ya koye ta, ya kuma gane da wuri cewa tela ba ya son rabuwa da kekensa, sai dai mai gyara ya bi shi har inda yake. Saboda haka rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta, daga shagunan cikin gari zuwa na ƙauyukan da ke kewaye, inda telan da kekensa ya tsaya yakan zauna ya zuba wa hanya ido kamar mai jiran likita.

Da farko babur ɗin bai bambanta da na kowa ba. Wata rana ce ƙusa ta huda masa tayar baya a inda babu gida gaba babu gida baya, ga kan keken wani tela ɗaure a kariya, wato wurin ɗora kaya na bayan babur, ga rana tana dukan ƙeya. Ya tura babur har takalminsa ya tsinke kafin ya iske mai faci. Washegari ya nufi maƙera da guntun sifirin ɗin mota, ya sa aka ƙera masa liba uku, wato ƙarafan da ake ɓanɓare taya daga jikin rim. Shi da kansa ya zauna ya goge bakinsu har suka yi santsi kamar bayan cokali.

Daga liba aka fara, ba a kuma tsaya ba. Ya yanko bututun roba, ya toshe bakinsa da murfi, ya ɗaure shi a ƙarƙashin wurin zama, nan libobin suke kwana. Famfon iska ya kwanta a jikin ƙarfen gefe, an ɗaure shi da yankin tsohon tiyub. Murfin katako na wani keken ɗinki da ya mutu ya koma akwati a kan kariya, da kwaɗo da komai, cikinsa an raba shi ɗaki-ɗaki: kayan gyaran keke a dama, gam da faci da sanfefa da guntun sabulu a hagu. A gefen tanki ya liƙa maganaɗisu, don kada noti ya faɗa cikin yashi ya ɓace. Teloli kuwa, kowane ya ji daɗin gyara sai ya ɗinka masa 'yar jaka ta tamfol, shi kuma ba ya iya ƙin kyauta, sai ya nema mata wurin ratayewa. In ya taho daga nesa, za ka rantse mutum ne yake ƙaura.

Bai taɓa wuce mai babur a tsaye a gefen hanya ba. Yakan ja birki, ya sauko, ya shimfiɗa tamfol, ya yi gyaran yana karantarwa. Darasinsa ɗaya ne kullum: "Cire taya wasa ne, mayar da ita ce aiki. Ka danne gefen da ka riga ka shigar da gwiwarka, ya nutse cikin kwarin rim, sai ɗaya gefen ya saki. In ka yi gaggawa ka cusa liba can ciki, za ta ciji tiyub, ka huda abin da ka gama liƙewa."

Shekaru suka tura, gwiwoyin da yake danne taya da su suka fara yi masa gardama. 'Ya'yansa suka haɗa baki a kan ya ajiye babur. Babbar 'yarsa ce ta zo da maganar, ma'aikaciyar jinya, wadda yake kira Uwata saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Baba, ba mu ce ka daina aiki ba," in ji ta. "Telolin cikin gari sun ishe ka. Bayan garin nan ne muke tsoro. In taya ta yi faci a inda ba kowa, wa zai taimake ka?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Uwata, ni kike tambaya wa zai taimaka? Ni ne fa mai taimakon! To, ji nan. Ranar da taya ta fi ƙarfina a hanya, da hannuna zan kawo miki makullin babur ɗin nan."

"Ka faɗa a gaban Mama."

"Na faɗa a gaban kowa."

Ta karɓi maganar a haka, domin ta san mahaifinta: in ya ce zai yi, ya gama yi. Shi kuwa bai ɗauki alkawarin a bakin komai ba. Sai daga baya, in ya tuna, abin yakan ɗan dame shi. Telolin cikin gari suna da masu gyara birjik. Na ƙauye su ne nasa, su ne suke miƙewa tsaye in sun ji ƙarar salansarsa.

Ranar da abin ya faru, yana ɗauke da matarsa. Ƙanwarta da ke aure a wani ƙauye ba ta ji daɗi ba, shi kuma akwai keken da yake yanke zare a can, sai tafiya ta zama ɗaya. Ba ta cika hawa babur ɗin ba, kuma tun daga ƙofar gida ta fara mita.

"Malam, kusurwar akwatin nan tana sukar bayana."

"Ki matso gaba kaɗan."

"In matso ina? Gaba kai, baya akwati, dama jaka, hagu jaka. Ko buhun gawayi ya fi ni samun wuri."

Sun gama abin da ya kai su, suna kan hanyar dawowa bayan azahar, sai bayan babur ya fara rawa. Ya rage gudu, ya gangara gefe ƙarƙashin wata bishiya. Tayar baya ta kwanta. Hanya shiru, sai kukan tsuntsaye.

"Zauna ki huta, Mamansu," in ji shi, har da ɗan murmushin wanda aka tambaya abin da ya haddace. "Yanzu za ki ga amfanin akwatin da kike zagi."

Ya ɗora babur a kan ƙafar tsakiya, ya shimfiɗa tamfol, ya kwance sarƙa, ya zaro tayar ya kwantar. Notuna suka hau maganaɗisu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓanɓare gefe guda, ya jawo tiyub, ya ba shi iska, ya bi shi da kunne har ya ji inda yake huci, ya ɗiga ruwa ya ga kumfa. Ya zura yatsu cikin tayar a hankali ya zaro guntun waya. Ya goge wurin da sanfefa, ya shafa gam, ya jira har ya daina ƙyalli, ya ɗora faci ya murza shi da gindin sufana. Duk wannan hannunsa ya yi shi ba tare da ya nemi shawarar kansa ba.

Sai aka zo mayarwa. Ya shafa sabulu a leɓen taya, ya shigar da mafi yawanta, ya rage kamar tsawon tafin hannu. Ya durƙusa zai danne ɗaya gefen da gwiwa kamar yadda ya saba, sai wani zafi ya harbe shi daga gwiwar har ƙugu. Ya ɗaga ta da sauri. Ya gwada ɗayar, ita ma ta ƙi. Ya saci kallon matarsa, ya ga tana gyara ɗaurin ɗankwalinta. Sai ya tsuguna a kan dugadugansa, ya bar gefen can ba danni, ya kama liba. Tayar ta yi tauri kamar an zuba mata siminti. Ya ƙara cusa libar ciki, ya taushe da dukan ƙarfinsa, leɓen taya ya faɗa da ƙara.

Ya ɗauko famfo ya fara bugawa. Ya buga, ya buga, tayar ba ta tashi ba. Da ya tsaya, sai ya ji wani siririn huci yana fita ta gindin bawul.

Bai buƙaci ya buɗe ba kafin ya san abin da ya yi. Amma ya buɗe. Ga su nan, 'yan huji biyu kusa da juna, cizon liba. Ya zauna a kan tamfol da tiyub a cinyarsa, yana kallonsu kamar bai taɓa ganin irinsu ba.

"Wata ƙusar ce?" in ji matarsa.

"Ba ƙusa ba ce. Ni ne."

Ta taso ta tsaya a kansa. Ba ta yi masa dariya ba, ba ta kuma ce sannu ba, domin ta san sannun za ta fi dariyar ciwo.

"Akwai sauran faci?"

"Akwai babba guda, zai rufe duka biyun. Amma ko na liƙe, gwiwar ba za ta danne ba. In na sake cizonsa, shi ke nan."

"To, liƙe tukuna."

Ya liƙe. Wannan karon ya daɗe yana murzawa, ya kuma ba tiyub 'yar iska kaɗan don ya yi ƙiba ya kauce wa bakin liba. Da ya zo daidai inda ya maƙale ɗazu, sai ya ga ta tuɓe takalmanta, ta tattare zanenta, ta dafa kafaɗarsa ta hau kan tayar da dugaduganta biyu.

"Nan ne kake sa gwiwar, ko?"

"Matsa hagu kaɗan. Yauwa. Ke, wa ya koya miki?"

"Wa ya koya mini? Mutumin da ba ya iya cin abinci sai ya ba ni labarin kwarin rim? Ko kujerar gidanmu ta iya faci, Malam."

Gefen da ta taka ya nutse, ɗaya gefen ya saki. Bai ko cusa liba ba, bakinta kawai ya sa, ya ƙarasa da tafin hannu. Leɓen taya ya zauna a hankali kamar an rufe tukunya. Ya buga famfo, tayar ta tashi ta yi ƙyam. Ya kara kunne, shiru.

Ya mayar da taya, ya ɗaura sarƙa, ya kwashe kayansa kowane ya koma ɗakinsa. Suka ci gaba da tafiya har rufin gidajen gari ya fara bayyana. Sai ta matso da bakinta kusa da kunnensa.

"Ni dai ban ga komai ba. Taya ta yi faci, ka gyara, mun dawo."

"Ni na gani," in ji shi.

Da la'asar sakaliya 'yar ta biyo ta gidan daga wurin aiki, kamar yadda ta saba, ta tarar da su a tsakar gida. Bayan gaisuwa, ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya ajiye shi a kan tabarma a gabanta. Ya ba ta labarin tun daga rawar taya har zuwa cizon liba, bai rage ba, bai yi wa kansa ado ba. Tana saurare tana kallon hannayensa, baƙin mai ya cika ƙarƙashin faratan, ga wani ɗan yanka a babban yatsa.

"Wa ya cire tayar?" ta tambaya.

"Ni."

"Wa ya gano hujin, ya liƙe?"

"Ni. Amma ba don uwarki ba, da yanzu muna can muna jiran mai wucewa. Abin da kika ji tsoro ke nan, kuma ya faru. Ɗauki abinki."

Ta ɗauki makullin tana juya shi. Ta daɗe tana son wannan rana, amma yanzu da ta zo, sai ta kasa duban fuskarsa. Ya kawar da kai yana kallon babur ɗin da ke jingine a inuwa, da jakunkunansa na tamfol masu launi daban-daban, kowace da telan da ya ɗinka ta.

"Baba, tsorona shi ne ka maƙale kai kaɗai," in ji ta daga bisani. "Yau ba kai kaɗai ba ne." Ta juya ta kama hannun mahaifiyarta, ta danƙa mata makullin. "Mama, ga shi a wurinki. Cikin gari ya tafi abinsa. Bayan gari kuwa, in ba ki hau ba, ba ya fita."

"Ikon Allah!" in ji uwar. "Yanzu ni ma na shiga cikin kayan akwati ke nan? A wane ɗakin za a ajiye ni, kusa da gam ko kusa da sabulu?"

"In ba kya so, ki miƙo mini in tafi da shi."

Uwar ta dubi makullin, ta dubi mijinta, wanda ya zuba mata ido kamar yaron da ake shawarar ko za a tafi da shi kasuwa. Tun da yaran suka watse, gidan yakan yi mata faɗi da rana. Ta ƙulle makullin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da kyau.

"Sau ɗaya a mako," in ji ta. "Kuma ƙafata ba ta kaiwa matakin babur ɗin nan, a iska take lilo tun daga nan har can."

Baba Ko-ta-kwana ya riga ya miƙe. Ya buɗe akwati ya ciro tef ɗin awo irin na teloli, ya jawo 'yar kujera ya zauna a gabanta.

"Miƙo ƙafar, Mamansu. Daga gwiwa zuwa diddige nake so. Akwai wani guntun ƙarfe da na daɗe ina ajiye da shi, ban san amfaninsa ba sai yau."