Tsohuwa da Kanyar Bakin Gulbi

A kan hanyar da ke bin bakin gulbi a Gidan Rumji, daga unguwarmu zuwa kasuwa, akwai wata tsohuwa da nake gani tun farkon daminar bana. Ban san sunanta ba. Siririya ce, zanenta ya koɗe, amma ɗaurin kallabinta tsaf kamar mai zuwa biki.

Ruwa ya zaftare gaɓa har saiwoyin wani babban itacen kanya sun fito fili. Ita kuwa tana ɗebo laka a tasa, ta cusa tsakanin saiwoyin, ta daddanna da tafin hannu, ta shafe kamar mai yaɓen ɗaki, sannan ta dasa ciyawa a kai. In ruwa ya kwashe, washegari ta sake.

Yau wani ɗan kabu-kabu ya tsaya yana dariya. "Inna, da gulbi za ki yi kokawa?"

Ba ta ko ɗago ba. "Ɗana, ran da itacen nan ya faɗi, hanyar nan bin sa za ta yi. Matsa da motonka, kana taka mini shuka."

Ya matsa.

Kakata takan ce a da gidaje ne a inda ruwan ke gudu yanzu. Ina zaton ɗaya daga ciki na su tsohuwar ne, kuma kanyar a tsakar gidansu take. Don na lura, duk safiya kafin ta shiga inuwarta, sai ta yi sallama.