Maliki Sarkin Aska da Jinin Suhaibu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za a tattara mu. Ranar Talata, tara ga watan Rajab na bana, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Maliki, Sarkin Askan Unguwar Maiturare ta ƙasar Dutsi. Ya rasu a ɗakinsa bayan gajeriyar jinya, muka kai shi makwancinsa da yammacin ranar. Na yi ta kasa kunne ga rediyo, ban ji an ambaci sunansa ba. Da wani mai naira ne ya yi tuntuɓe, da an cika mana kunne. Shi ya sa ni Ɗanbaba, da ban taɓa zama a aji ba, na zaunar da 'yata Ummukulsum na ce ta rubuta abin da zan faɗa, kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Maliki, tare muka tashi, ina bin shanun ubana, kana bin zabirar naka uban. Da wuya a nuna magidanci a garin nan wanda ba kai ka yi masa askin suna ba, ba kai ka yi masa kaciya ba. Yau wasunsu sun ga gari, suna wuce ƙofarka su tafi shagon da ake aski da inji, har suna cewa wanzanci aikin jahilai ne. Da yawansu ban gan su wurin jana'izarka ba. Na lura, kuma ban manta fuskokinsu ba.

Tsofaffin mata masu ciwon baya sun san ka. Kakan kafa musu ƙaho, in sun miƙo ɗan gero a ƙwarya ka ce su mayar a dama wa jikoki kunu. Shekarar da bijimi ya tunkuye ni a kasuwar shanu, kai ka yi ta zarya gidana har na miƙe. Ka zare ƙaho daga bayana, ka leƙa ciki, ka ce: "Ɗanbaba, mataccen jininka baƙi ƙirin, irin halinka." Na ce hannun mai ƙahon ne ya ɓata shi. Muka yi dariya har haƙarƙarina ya hana ni.

Akwai al'adarka guda da kowa ya sani. Ba ka barin jinin mutum a fili. Ko ɗigo ne, sai ka tona ɗan rami, ka zuba, ka rufe, ka take da ƙafa. Na taɓa tambayarka dalili, ka ce in yara suka saba ganinsa, sai ya daina ba su tsoro.

Wannan al'ada ce ta raba mu. Daminar da aka kashe ɗana Suhaibu, shanunmu ne suka faɗa gonar waken maƙwabcinmu Zailani. Suka yi cacar baki da Suhaibu da ke kiwon shanun, Zailani ya ɗaga fartanya sau ɗaya, shi ke nan. Kafin in iso an ɗauke gawa, kai kuma ka riga kowa, ka bi wurin da ƙasa ka rufe kaf. Samarin danginmu suka taho da sanduna da adduna, ga wani maroƙi a bayansu da kalangu yana zuga su, wai jini ba ya kwanciya sai an biya shi da jini. Suka nemi abin da za su gani zuciyarsu ta ƙara tafasa, ba su tarar da komai ba sai ɗanyar ƙasa. Ka dubi maroƙin ka ce: "Kai da ko kaza ba ka iya yankawa, kai ne kake yi wa jini waƙa? Ni nake wanke shi daga hannuna kullum. Ajiye gangar nan." Daga nan ka je ka tsaya a ƙofar gidan Zailani har 'yan sanda suka zo. Ba a ƙona ko rumbu ɗaya ba. Aka tafi da Zailani, a kurkuku ya mutu.

Mutane sun yaba maka. Ni ban yaba ba. Ɗana ne, Maliki, ya kamata ka jira in ga inda ya faɗi. Ko yau da kake kwance ban ce ka kyauta mini a wannan ba.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ka ƙaro wata. Zailani ya bar ɗa, Mahdi, wanda a lokacin ko abinci ba mai yarda ya ci da shi a kwano ɗaya. Kai kuma Allah bai ba ka ɗa namiji ba, sai Zulfa da Rauda, ga wanzanci gado ne. Ka jawo Mahdi ka ɗora masa zabira. Na tare ka a hanyar masallaci na ce: "Ɗan wanda ya zubar da jinin ɗana za ka koya wa ɗora ƙarfe a wuyan mutane?" Ka ce: "Gara ya koyi inda ake tsayar da hannu." Tun daga ranar na hana ka kaina. Nakan shiga mota har Daura in miƙa wa baƙon hannu. Amma ba ka taɓa wuce ni ba gaisuwa ba. Sai ka leƙo ƙarƙashin hulata ka ce: "Wa ya yi maka wannan aika-aika a ƙeya?" In yi banza da kai, gobe ka sake. Da matata Maimunatu ta rasu, kai ka fara sa magirbi a kabarinta. In an yi haihuwa a gidana kakan zo kai kaɗai, ka bar Mahdi a gida, don kada ka tsokano ni. Na gani, ko da ban faɗa ba.

To, ga shi ka tafi, zabira ta zauna hannun Mahdi, wanda yanzu magidanci ne da iyali. Ana cikin zaman makokinka matar ɗana Abbas, ƙanen marigayi Suhaibu, ta haifi ɗa namiji. Suna ranar Juma'a. Abbas ya ce daga Daura zai ɗauko wanzami a babur, ya kuma faɗa a majalisa cewa in Mahdi ya tako zaurenmu da aska, ba da ƙafarsa zai fita ba. Maganar ta kai kunnen dangin Zailani, su ma suka fara taruwa suna ƙus-ƙus. Ƙasar kabarinka ba ta bushe ba, abin da ka danne shekara da shekaru yana neman tashi, kuma a gidana zai tashi, da hannun ɗan da ya rage mini.

Jiya da hantsi na ɗauki sandata na nufi darbejiyar ƙofar gidanka. Mahdi yana zaune a kan tabarmarka, ba kowa a gabansa. Ya zabura zai durƙusa.

"Baba, barka da..."

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Aske ni."

Na zauna na tuɓe hula. Ya jiƙa kaina, ya wasa aska. Kafin ya kai rabi jama'a sun taru, wani ya ruga ya kirawo Abbas. Yana isowa askar ta goce ta yanke ni a bayan kunne, jini ya gangaro har wuyan riga. Mahdi ya saki askar.

"Wallahi Baba, ban yi da..."

"Ɗauki askarka. Maigidanka ya sha yanka ni, bai taɓa ba ni haƙuri ba." Na juya ga Abbas: "Kai kuma ga jinin ubanka nan, hannun ɗan Zailani ya fito da shi, ga ni zaune ban mutu ba. Ranar Juma'a shi zai aske ɗanka, a kan cinyata. Mai ja ya fara da ni."

Abbas ya zaro ƙyalle daga aljihu ya miƙa wa Mahdi, ya ce: "Goge masa, ka ƙarasa."

Kada ka ɗauka na huce, Maliki. Ban huce ba. Na dai ga ba wanda zai tsaya a ƙofar in ba ni ba.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa rayukan da ka tsare su tsaya maka ranar hisabi. Allah ya jiƙan Suhaibu da Maimunatu. Zailani kuwa, bakina bai iya yi masa addu'a ba tukuna, Allah ya san haka. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Kubura, da 'ya'yanka Zulfa da Rauda, da jikoki, da dukan wanzaman ƙasar Dutsi. Allah ya ba ku haƙuri. Sai kai Mahdi, da ka rasa uba karo na biyu: Allah ya ba ka dangana, ya tsayar da hannunka. Ka zo da wuri ranar Juma'a.

Ɗanbaba Makiyayi
Unguwar Maiturare, Dutsi