Allon da Lukmanu Bai Iya Karantawa Ba

Shekara tara Lukmanu ya yi a ofishin wani kamfanin waya a Garwa, aikinsa sa ido kan eriyoyi arba'in daga Gidar har Rai Buba. Ɗan mahauta ne, tun yana yaro ubansa ya kore shi daga teburin nama, wai bai san sabo da kwanannen ba. Gaskiyar ita ce idonsa bai taɓa raba ja da kore ba, kuma ko matarsa Hajjo bai faɗa wa ba.

Da can ba matsala. Eriya ta mutu, kwamfuta ta rubuto sunan garin, ya tura masu gyara. Sai ga Philippe, sabon shugaba daga Duwala, ya soke rubutun, ya kafa ƙaton allo mai taswira: ɗigo kore rezo, wato sabis ɗin waya, na aiki, ɗigo ja ya ɗauke. "Ko makaho zai gane," in ji shi. Kayya! Lukmanu ya shiga uku, domin da aikin nan yake ciyar da baki takwas.

To, sai ya nemo dabara. A kowane gari yana da dillalin shanu, abokin ubansa. Kullum da safe ya buga musu waya ɗaya bayan ɗaya, in ta shiga, eriya na da rai. Wata bakwai yana wannan wahala, tsoro ya hana shi ƙiba.

Ranar Talata ya kira Hamadu na Rai Buba, suka gaisa lafiya lau. Laraba ma haka. Ashe bawan Allah ya kora shanu kasuwar Adumri, bai ga dalilin faɗa ba tunda ba a tambaye shi ba. Kwana biyu Rai Buba ba rezo.

Philippe ya shigo ransa a ɓace, sakatariyarsa Rosalie na biye da shi.

"Lukmanu, nuna min wadda ta mutu."

Ya ɗaga yatsa, ya bi ɗigon nan arba'in. Ya sauke.

"Patron, duk iri ɗaya nake ganinsu. Tun ranar farko."

"Wata bakwai?" Philippe ya dafe kai. "Ba Rosalie makullin ofis."

Lukmanu ya yi ta kokawa da zoben makullai, ya kasa zarewa. Rosalie ce ta karɓa ta zare da kanta, ta miƙo masa na gidansa.